Tagar da na Bari a Katanga

Litinin, 21 ga Maris 1977, da hantsi

Har yanzu warin bai bar hancina ba. Na yi wanka, na sa matata Barira ta wanke rigar, amma ko fura na kai baki ƙauri nake ji.

Ba zan rubuta yadda aka yi jiya ba. Duk Jibiya ta gani, har mutanen tsallake da suka zo cin kasuwa sun gani, sun koma Maraɗi da labarin. Layinmu na bakin tasha dai babu shi. Shagona na atamfa da batir, da na Maharazu na kayan keke da babur da ke manne da nawa, da rumfunan da ke gabanmu, duk sun koma toka da kwanon rufi a nannaɗe. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Abin da nake ta gaya wa kowa ke nan.

Abu ɗaya ne ya tsaya, katangar bulon da na gina tsakanina da Maharazu, da 'yar tagar da na bari a tsakiyarta, wadda muke miƙa wa juna canji da kofin shayi. Ta yi baƙi ƙirin, amma tana nan tsaye.

Litinin, bayan la'asar

Maharazu ya ce kada mu raba wurin karɓar jaje, tunda rana ɗaya muka faɗi. Tabarma ɗaya aka shimfiɗa mana a ƙofar gidansu. Na zauna.

Talata, 22 ga Maris, bayan magariba

Jama'a, jama'a, jama'a. Daga Daddara, daga Gangara, har da wani jandarman Nijar da ke sayen batir wurina, ya tsallako da hularsa a hannu. "Allah ya mayar da alheri." "Allah ya sa iyakar wahalar ke nan." Ni kuma, "Amin, amin, na gode," ina sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

Kowa da ɗan abin da ya riƙo. Wani damin gero, wani kwanon dawa, wani ya naɗe abin da ya samu ya tura ƙarƙashin tabarma don kada a gani. Duk abin da aka kawo Maharazu sai ya raba biyu, ya tura mani rabi. Shi da ke da 'ya'ya bakwai da tsohuwa a gida.

Har yanzu yana da bakin tsokana. Ya dube ni ya ce, "Kalilu, yau dai mun zama ɗaya, babu mai atamfa, babu mai baƙin mai." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ban faɗa mashi ba.

Laraba, 23 ga Maris, da asuba

Inshora. To, na rubuta. Ba wanda zai ji ni a nan.

Shagona yana da inshorar gobara. Ni kaɗai a layin nan. Ko Barira ba ta sani ba.

Lawal ne ya yi mani ita, ɗan Katsinar nan mai babur da jaka, da ya riƙa zagaya kasuwa lokacin da kuɗi suka fara yawa hannun mutane. A majalisarmu ta bakin tasha an mai da shi abin dariya. Maharazu ya ce wannan caca ce, kuma mutum ba ya sayen rigar kariya daga ƙaddara. Ni kuwa ni na laƙaba mashi "Ɗan sayar da tsoro", sunan da ya bi shi har yau. Da aka watse na bi shi bayan tasha, muka gama magana a tsaye.

Shi ne ya leƙa bayan shagon Maharazu ya ga durom-durom na fetur da ake ajiyewa kafin a tsallaka da su. Ya ce, "Malam Kalilu, wannan ai wuta ce a kwance. Ka cire zanar nan ka sa bulo, ka fitar da kananzir daga shago, ka ajiye bokitin yashi bakin ƙofa." Duk na yi. Da Maharazu ya tambaye ni dalilin katanga, na ce mashi saboda ɓeraye ne, suna cin mani atamfa. Shi ya taya ni kwaɓa siminti.

Wutar ba ta bi ta katanga ba, ta sama ta haura.

Laraba, bayan azahar

Wasu na cewa daga durom ta tashi, wasu na cewa daga murhun mai tsire. Ni ban ce komai ba. Maharazu ma bai ce ba.

Alhamis, 24 ga Maris, bayan la'asar

Wannan ita ce ta gama da ni.

Inna Hajo, mahaifiyar Maharazu, tana da tunkiya guda, fara mai baƙin kunne, wadda take kiwo tun bara tana cewa kuɗin likkafaninta ne. Yau ta sa aka kai ta aka sayar. Ta fito da sandarta har bakin tabarma, ta kwance bakin zane, ta ba ɗanta rabi, ta miƙo mani rabi.

Na ce, "Haba Inna, ki bar shi, don Allah ki bar shi."

Ta ce, "Mi kake cewa? Kai ba ɗana ba ne? Karɓi, kada ka sa in yi fushi."

Na karɓa. Da hannu biyu na karɓa, har da durƙusawa. Kalilu, kai wane irin mutum ne? A lokacin ya kamata in buɗe baki, ga Maharazu a gefe, ga tsohuwa a tsaye, babu baƙo ko ɗaya. Sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya saka da Aljanna, Inna."

Kuɗin suna aljihun rigar da na rataye. Ban taɓa su ba, ban kuma sake sa rigar ba.

Asabar, 26 ga Maris, bayan magariba

Na je Katsina. A gida na ce zan je in gaida dillalin da nake sarin atamfa wurinsa. Na je ɗin, don kada ta zama ƙarya tsagwaronta, sannan na wuce ofishin su Lawal.

Ya karɓe ni da fara'a kamar wanda aka yi wa bushara. Ya ce kamfani zai biya, babu wata tantama, amma sai wani babbansu ya zo daga Kaduna ya ga wurin da idonsa. Ya ce kada in bari a taɓa ko tsinke, kada a share, kada a gina, har sai sun zo. Na ce yaushe? Ya ce nan da sati biyu ko makamancin haka. Na ce ko za su iya zuwa ranar da ba kasuwa ba, su ajiye mota nesa? Ya yi dariya ya ce, "Malam Kalilu, sata muka yi?"

Da na fito kunya nake ji, amma bari in faɗi gaskiya, har da wani sanyi a raina. Zan tashi. A mota na tsinci kaina ina lissafin irin atamfar da zan saro. Sai da muka wuce Daddara na tuna da tunkiya.

Lahadi, 27 ga Maris

Ranar kasuwa. Ban fita ba.

Talata, 29 ga Maris, da hantsi

Mutanen unguwa sun tsayar da gayya. Za a share wurin, a buga tubali, a tayar mana da shaguna biyu lokaci ɗaya kafin ruwa ya sauka. Sun ce Alhamis. Maharazu ne ya zo ya faɗa mani, fuskarsa a sake, karo na farko tun ranar.

Na ce a ɗan dakata. Ya ce don mi? Na ce ƙirjina bai daina ciwo ba tun hayaƙin nan, kuma ba na so a yi mani aiki ina kwance. Ya ce to a fara da nasa mana. Na ce ai wurin a haɗe yake, in an share nasa an taɓa nawa. Sai ya ce, "Shi ke nan, lafiyarka ta fi. Mu jira."

Yana jira. Mutumin da ba ya da abin cefane gobe, yana jiran ƙirjina ya warke. Ƙirjina kuwa lafiyarsa lau.

Laraba, 30 ga Maris, bayan azahar

Inna Hajo ta aiko da jiƙon ganye a kwalba, wai in sha don ƙirji. Na sha. Ɗaci kamar me.

Juma'a, 1 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Sahu ɗaya muka yi da Maharazu, kafaɗa da kafaɗa. Na ƙudurta in mun fito zan ja shi gindin darbejiya in faɗa mashi. Har na shirya yadda zan fara. Muna fitowa sai ga Manu, ɗan kasuwar Maraɗin nan da ke sayen fetur, ya ja shi gefe suka daɗe suna magana. Da ya dawo ya ce Manu ya yi mashi tayin zama yaron kantinsa a can, in abin ya ƙi.

Maharazu, yaron kanti! Mutumin da ya koya wa rabin garin nan ɗaurin keke.

Ya ce, "Kana son cewa wani abu ne ɗazu?" Na ce a'a, zafin rana ne kawai.

Asabar, 2 ga Afrilu

Gobe zan faɗa mashi.

Lahadi, 3 ga Afrilu

Ban faɗa ba.

Litinin, 4 ga Afrilu, bayan magariba

Barira ta ritsa ni. Ta ce tun ranar da na dawo daga Katsina ta ga ina cin abinci kamar mai laifi, ba kamar mai asara ba. Mace ce mai ido, ban san dalilin da ya sa na zaci zan wuce ta ba. Na faɗa mata duka.

Na zaci za ta yi murna, ko kaɗan. Ta zauna bakin gado ta rafka tagumi. Can ta ce, "Malam, wato geron da nake daka tun makon jiya na mutane ne da ka fi su rufin asiri?"

Na hau faɗa. Na ce shin laifi ne mutum ya kiyaye dukiyar iyalinsa? Duk wata ina cire abin da nake cirewa ina kaiwa, wa ya taya ni? Da ban yi ba, da yanzu ita da yaran nan me za su ci? Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Ni ban ce yi ɗin laifi ba ne. Allah ya yi maka albarka da ka yi. Amma da Maharazu ya taya ka kwaɓa simintin nan, mi ya hana ka ce mashi ya kwashe durom ɗinsa?"

Na ce ai da dariya zai yi mani.

Ta ce, "To da ya yi dariyar."

Ta tashi ta ɗauki kwanon geron ta mayar cikin buhu ta ɗaure bakin. Tuwon dawarmu ta bara ta yi mana, mai ƙwari.

Laraba, 6 ga Afrilu, da hantsi

Dariya. Abin da na ji tsoro ke nan. Ba Allah ba, ba malamai ba, ba komai ba. Kada a ce Kalilu ya zama abokin cinikin Ɗan sayar da tsoro. Yau kwana nawa ina juya abin, ban samo wani dalilin da ya fi wannan nauyi ba.

Alhamis, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je har zauren gidan su Maharazu da niyya. Na tarar yana gyara wata tsohuwar keke da kayan aro, yara sun kewaye shi. Ya ce, "A'a, mai ƙirji ya fito! To mu sa gayya Alhamis mai zuwa?" Na ce mu sa. Na zauna na riƙe mashi taya har ya gama liƙi. Na tashi na dawo.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Sun zo. Ranar kasuwa, rana tsaka, da farar mota mai sunan kamfani a ƙofa.

Litinin, 11 ga Afrilu, da hantsi

Jiya hannuna ya ƙi rubutu. Bari in rubuta yau, in huta.

Lawal ne da babban nasu, wani dogo mai tabarau da ba ya jin Hausa sosai. Suka tsaya daidai kangon, jama'a suka taru kamar ana rabon gishiri. Aka aika aka kira ni. Kafin in iso Maharazu ya riga ni, don yana nan kusa yana tallan gyaran keke gindin bishiya. Ya zaci mutanen gwamnati ne suka zo duba ɓarna. Da mai tabarau ya zaro abin awo, Maharazu ne ya yi wuf ya kama bakin, ya shiga cikin toka har idon sawu yana ja mashi. Yana nuna masu, nan kantar atamfa take, nan akwatin batir. Ya fi ni sanin shagona.

Suka auna nawa, suka ɗauki hoto, mai tabarau ya buga katangar da hannu ya yaba. Suka fara naɗe abin awo.

Maharazu ya ce, "Ranka ya daɗe, saura nawa. Ga shi nan, wannan gefen."

A lokacin ne ya kalli Lawal sosai, ya gane shi. Lawal kuwa, bawan Allah, ba da mugunta ba, ya ce, "Ai na Malam Kalilu kaɗai muka zo dubawa, shi ne mai inshora a wurinmu. Kusan shekara biyu ke nan, bai taɓa fashin biya ba."

Ban san kasuwar Jibiya tana iya yin shiru ba sai jiya.

Maharazu bai dube ni ba. Ya saki bakin abin awon, ya kakkaɓe ƙafarsa, ya koma gindin bishiya ya ci gaba da ɗaura sarƙar keken da ya bari. Wani daga baya ya ce, "Ashe!" Shi ke nan abin da aka ce. Da zagina aka yi da na fi jin daɗi.

Litinin, bayan magariba

Ba wanda ya zo karɓar geronsa. Na so a zo.

Talata, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Na yi wata wautar. Na je Gangara na sayo tunkiya, babba, ta fi waccan, na jawo ta da kaina har ƙofar gidan su Maharazu, na yi sallama da Inna Hajo. Na durƙusa na ce ga wannan, ta yi haƙuri.

Ta dubi tunkiyar, ta dube ni. Ta ce, "Kalilu, jaje na yi maka, ba rance na ba ka ba. A ina ka taɓa jin an mayar da jaje? So kake ka ƙara mani wani cin fuskar kan na farko?"

Na ce, "Inna, ban cancanta ba ne."

Ta ce, "Wanga kai ka sani. Ni dai na ga yaron da na goya ya ƙone, na ba shi abin da nake da shi. Ɗauke dabbarka."

Haka na sake jawo ta ta tsakiyar unguwa, tana turjewa tana kuka, mata na leƙe ta saman katanga. Tana nan ɗaure a tsakar gida, Barira ko dusa ta ƙi ba ta, sai ni.

Laraba, 13 ga Afrilu, da hantsi

Na aika wa Maharazu cewa in kuɗin suka fito rabi nasa ne. Ɗan'uwansa ya dawo mani da amsa: ya gode, Allah ya sa albarka a cikinsu, amma shi bai zuba ba, ba zai kwasa ba. Ya ce kuma gayya tana nan gobe.

Alhamis, 14 ga Afrilu, bayan magariba

An yi gayyar. Na zaci nasa kaɗai za a yi. Tun da sassafe na ga an share duka biyun, an ja igiya, kamar yadda aka yi alkawari tun farko. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ce mani sannu. Na tuɓe riga na shiga cikin masu cuɗa ƙasa, na yi ta ɗauka har bayana ya ƙage.

Da aka tsaya shan fura, na sami Maharazu shi kaɗai a jikin katangar. Na ce, "Maharazu."

Ya ce, "Ba kuɗin ba ne, Kalilu. Wallahi na yi maka murna, ko ɗayanmu ya tsira. Mutumin nan ya ce maka wuta ce a kwance bayan shagona?"

Na ce ya ce.

"Ka fitar da kananzir ɗinka."

Na ce na fitar.

"Ni kuma kana miƙo mani shayi ta nan kullum." Ya ɗora hannu a bakin tagar. "Da dariya zan yi maka, na sani. Har da suna zan sa maka. Amma da na kwana ina tunanin durom ɗin nan."

Ya ce ba zai je Maraɗi ba, nan zai zauna. Ya ce in Lawal ya sake zuwa in nuna mashi ƙofarsa, yana so ya ji bayani daga bakin wanda zai gaya mashi. Duk cikin natsuwa, ko murya bai ɗaga ba.

Da yamma, aiki ya zo kan katangar tsakiya. Magini ya duba ya ce lafiyarta lau, shafe kawai take so. Ya tambaya, tagar fa, a sa mata katako kamar da? Ni ya kalla, tunda ni na gina. Kafin in buɗe baki Maharazu ya ɗauko tubali ya miƙa mashi.

Ya ce, "Toshe ta. Saboda ɓeraye."

Ba wanda ya yi dariya. Ni na miƙa ƙasar da aka liƙe ta da ita.

Juma'a, 15 ga Afrilu, da hantsi

Na je na duba. Ta bushe. Ina jin motsinsa ta can gefen, yana jera kaya.